Ɗaki ɗaya muka kama, mu bakwai muka iso

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce daga Tawa, 'ya'yana huɗu. Watan jiya aka ba surukata, Inna, randebu na aikin ido a asibitin Lamorde a Yamai. Maigida ya ce mu tafi gaba ɗaya, yara su ga Yamai tunda ba su taɓa zuwa ba. Ni ce na yi lakkwal, wato boko, don haka ni ya sa in nemo masauki. Na kira wani otel, aka ce akwai ɗakin "dubul" jika 25 kwana ɗaya, na aika kuɗin kwanan farko. Motarmu ta lalace bayan Dogon Dutsi, ba mu shiga Yamai ba sai wajen ƙarfe 10 na dare: ni, maigida, Inna, ɗiyarmu mai shekara 13, namiji mai 11, ƙaninsa mai 5, da jinjiri a bayana. Yaron da ke karɓar baƙi ya ɗaga biro ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya kamar awaki a kasuwar Badagishiri, ya ce ɗakin na mutum 2 ne, sai dai mu ƙara kama biyu. Maigida ya ce mun zo da tabarminmu, ba gado muke nema ba. Ya ce dokar gidan ce. Aka yi ta ɗaga murya, Inna na zaune bisa jakar kaya tana cewa a yi haƙuri. Ƙarshe muka ɗauki taksi tsakar dare zuwa unguwar Bukoki gidan wan maigida, matarsa ta buɗe mana ƙofa da wata fuska da har yau ba ta bar idona ba. Kuɗinmu kuma ba a maido ba. Tun da muka dawo maigida ke cewa na kunyata shi gaban mahaifiyarsa. Nan da mako 3 za mu koma don ɗaya idon. Ƙawata ta ce mu kama ɗaki da sunan mu biyu, in dare ya yi a shigo da sauran ɗaya-ɗaya. Tanti, cutarmu aka yi ko kuwa? Kuma wannan karon yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa a yi na biyun cikin sa'a.

Gara in gaya miki tun farko inda na fito, kada daga baya ki ce na ɗauki gefe a ɓoye. Na yi shekaru a bayan irin teburin nan, a wani otel a nan Yamai. Ni ma na ƙirga mutane. Abin da ban taɓa yi ba shi ne nuna ɗan Adam da biro, kuma dattijuwar da ta yini a mota tun daga Tawa, hanya ta fi kilomita 500, a bar ta zaune bisa jaka ba wanda ya jawo mata kujera ko ya miƙa mata ruwa, wannan abin kunya ne ga gidan gaba ɗaya, ba ga yaron kaɗai ba. A nan kam ina tare da ke. Amma ƙirgar da ya yi ba cuta ba ce, aikinsa ke nan, kuma da ni kuka tarar a daren nan amsa ɗaya za ku ji, sai dai da sannu da zuwa a gaba.

Inda aka samu saɓani shi ne, ke ɗaki kika saya a ranki, su kuwa kwanan mutum biyu suka sayar miki. Mu a gidajenmu ɗaki ba ya cika. Ranar biki mata goma sha suna kwana a ɗakin da mutum ɗaya ke kwana kullum, a matsa, a ƙara tabarma, yara a kwantar da su wajen ƙafa. Haka muka gada tun zamanin fatake, ayari ya sauka a zango, fatoma ya nuna musu wuri, ba ya tambayar su nawa ne sai don ya san yawan tuwon da za a tuƙa. Otel ba a kan wannan aka gina shi ba. Kowane ɗaki an yanka masa yawan mutanen da zai ɗauka tun kafin ki kira, kuma sunan ɗakin shi ke faɗin adadin. Wanda suka ce miki dubul, gado ɗaya ne babba na mutum 2. Ba ɗaki mai girman biyu ba ne, kuma ba ke kaɗai kika taɓa fahimtarsa haka ba, na sha gani. Akwai mai ƙananan gadaje biyu, shi ma na mutum 2. Akwai na mutum 3. Akwai mai falo, wanda suke kira suwit, ya fi tsada. Wasu gidajen suna da ɗakuna biyu da ƙofa a tsakaninsu, don iyali aka yi su, amma ba kowane otel ke da su ba, kuma sai kin tambaya za a ambata miki. Wanda ya taɓa zuwa Umra ya san wannan lissafin: kuɗin mai kwana a ɗakin mutum 4 daban, na ɗakin mutum 2 daban, kuma ba wanda ke zuwa Makka ya ce ai ya taho da tabarmarsa.

Yara fa? A nan ne gidaje suka bambanta. Jinjirin da ke bayanki kusan ko'ina a ƙasar nan ba za a ce komai a kansa ba, ko da yake a Turai akwai inda shi ma sai an sa shi cikin lissafi. Mai shekara 5 wasu za su bar shi ya kwana tsakanin iyayensa kyauta, wasu su shimfiɗa masa katifar ƙari su caji wani abu kaɗan. Mai 11 yana bakin iyaka, don gidaje da yawa a shekara 12 suke yanke ƙuruciya. Ɗiyarki mai 13 kuwa babbar mutum ce a littafinsu. To ki duba da idon yaron: manya uku, budurwa ɗaya, ɗan saurayi ɗaya, ƙanana biyu, ga makullin ɗaki mai gado ɗaya a hannunsa.

Na san abin da maigidanki ya faɗa a ransa, don an sha faɗa mini shi a fuska: kuɗi kawai suke so. Kuɗi na ciki, ba zan musa ba. Mutum 7 ba ruwan mutum 2 suke wanka da shi ba, ga tawul, ga zanen gado, ga karin kumallo in yana cikin farashin, ga gazuwal ɗin da injin wuta ke sha duk lokacin da aka ɗauke kuran. Amma akwai abin da ya fi kuɗi. Duk babban mutumin da ya sauka a otel ana cika masa takarda, a duba katinsa, a rubuta sunansa da inda ya fito, don hukuma ta san wanda ya kwana a ina, kuma a halin tsaron da ƙasa ke ciki ba mai otel ɗin da zai yi wasa da wannan. Sannan wuta. Allah ya kiyaye, in gobara ta tashi aka kira 18, 'yan kwana-kwana suna isowa littafin baƙi za su tambaya. Littafi ya ce ɗaki na 12 mutum biyu ne. Aka fito da biyu cikin hayaƙi, sai a wuce ɗaki na 13. Wa zai san akwai ɗan shekara 5 da ya ɓuya bayan ƙofar banɗaki? A manyan otel irin waɗanda aka buɗe a 2019 lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka, su Radisson Blu da Noom da Bravia, ko ma'aikacin ya so ya yi miki alfarma kwamfuta ce ke riƙe da adadin kowane ɗaki. A ƙananan gidajen baƙi kuwa akwai sassauci, amma a hannun mai gidan yake, ba a hannun yaron da aka bari tsaron dare ba. Ku da shi kuka yi ta jayayya a kan abin da ba shi da ikon canzawa.

Shawarar ƙawarki kuma, ki bar ta inda kika same ta. Bari in ba ki labarin wani dare. Wani bawan Allah ya zo da matarsa da yamma, suka kama ɗaki, mutum ne mai fara'a, har ya ba maigadi kuɗin shayi. Da asuba mai shara ta zo ta ja ni gefe ta ce in zo in gani. Ƙofar ɗakin mutum biyu, takalma ƙafa shida a jere, uku na yara, ɗaya ɗan mitsitsi mai hoton kyanwa a sama. Sun shigo da su ta ƙofar baya bayan isha'i, sun hana su magana, sun hana su fitowa, amma ba wanda ya tuna ya hana su cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka koya musu a gida. Mutumin ya biya kuɗin ɗaki na biyu dole, yana zufa, a gaban 'ya'yansa. Ya tafi abinsa. Maigadin nan kuwa, dattijo mai iyali, a ranar aka sallame shi. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, don ni na kai maganar sama, kuma ba ni da yadda zan yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a otel ma ya fi ƙurewa, don mai shara na shiga kowace safiya. Sannan ki yi tunanin yadda za ki ce wa Inna, mace mai shekarunta, da bandeji a ido, ta laɓe a bakin titi har sai yaron tebur ya juya baya. Wannan ita ce kunyar da maigidanki ba zai taɓa mantawa ba.

Yanzu ga tambayar da ba ki yi ba, kuma ita ta fi damuna. A ce yaron ya yarda, ya miƙo makulli, kun shiga ku bakwai. Yaya daren zai kasance?

A gidanku na Tawa na tabbata Inna na da ɗakinta. Na tabbata ɗiyarki da ƙaninta ba shimfiɗa ɗaya suke kwana ba, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a umarci yara da salla suna shekara 7, in sun kai 10 a raba musu wurin kwana, hadisin na cikin Abu Dawud. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da ko ƙananan yara sai sun nemi izini kafin su shigo wa iyayensu: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Biyu daga cikin ukun nan cikin daren otel suke. Wato abin da kuka tsaya kuna roƙo a ba ku, abu ne da ku da kanku ba ku yarda da shi a gida ba. Tafiya takan sa a yi maneji, na sani, amma wa ke biyan kuɗin manejin? Inna ce. Banɗakin otel cikin ɗaki yake, ƙofarsa taku biyu daga gado, duk motsin buta ana ji. Tsohuwa takan tashi sau biyu ko uku cikin dare, ga alwalar nafila. Za ta tsallake ɗanta da matar ɗanta da jikoki a duhu, da ido ɗaya? Ba za ta yi ba. Za ta ƙi shan ruwa tun la'asar, ta kwanta da mayafinta ba ta cire ba, ta juya fuska bango, ta kwana ido biyu, da safe ku tambaye ta ta ce lafiya lau ta kwana. Ke ma haka za ki kwana, kina shayar da jinjiri a ƙarƙashin hijabi. In kuma lokacin zafi ne, watan Afrilu ko Mayu da Yamai ke haura digiri 40, aka ɗauke kuran kilim mai sanyaya ɗaki ya tsaya, numfashin mutum 7 a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa sosai, kafin a tada injin jinjirin ya fara kuka. Balle wadda aka yi wa aikin ido, da likita ke cewa a kiyaye ƙura, kada a murza, kada wani abu ya buge wurin. Ɗan shekara 5 kuma in yana barci ba ya sanin inda ƙafarsa take zuwa.

Don haka wannan karon a fara rage ayari. Tafiyar asibiti ce, ba ta yawon buɗe ido ba. Manyan yaran uku su zauna Tawa wurin 'yar'uwarki ko wata gwaggonsu, in lokacin karatu ne ma ga hujja a hannu. Alƙawarin ganin Yamai kuma kada a karya shi, a ɗaga shi zuwa babban hutu, a kai su gidan tarihi na Bubu Hama su ga zaki da dorina da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, a tsaya da su bisa gadar Kennedy su kalli kogin Isa, lokacin ba mai jinya, ba mai gaggawa.

Saura ku huɗu: Inna, maigida, ke, da jinjiri. Ga abin da zan yi in ni ce. Ɗaki ɗaya mai gado biyu, ke da Inna da jinjiri. Maigida ya kwana gidan wansa, namiji ɗaya ba nauyi ba ne ga kowa, katifa a falo ko ɗakin samari ta ishe shi, da safe ya zo ya same ku. Ki yi lissafi da farashin da aka ba ki: ɗaki uku kwana uku jika 225, ɗaki biyu jika 150, wannan kuwa jika 75. Kuma ke ce za ki ɗiga wa Inna maganin ido cikin dare, ke za ki riƙe hannunta zuwa banɗaki, abin da ba za ta so ɗanta namiji ya yi mata ba. Surukuta na da nauyinta, amma kwana uku na jinya irin wannan kan sauke abin da shekara goma ta gaisuwa daga bakin ƙofa ba ta sauke ba. Sai dai ki tambaye ta tukuna. Wata tsohuwar za ta fi son ɗiyarta ta cikinta ko ƙanwarta ta raka ta, in haka ne kada ki ji haushi, hutu ne ya same ki.

In kuma maigida ya kafe sai an tafi da kowa, to otel ba naku ba ne. Ku nemi gidan haya mai kaya a ciki, irin wanda ake bayarwa kwana-kwana, Yamai na da su a unguwanni da dama: ɗaki biyu da falo da madafa. Mata ɗaki guda, maza ɗaki guda, ki dafa abincinku, wanda shi kaɗai zai rage muku kuɗi mai yawa, don ciyar da baki 7 daga gidan abinci sau uku a yini ya kan kai kuɗin ɗakin. Amma kada ki aika ko dala sai wani naku ya je ya gani da idonsa, ya buɗe famfo, ya kunna kilim, ya tambaya ko kuɗin wuta na cikin farashin. Hoton WhatsApp ba ya nuna wari. Can ma sai kin faɗi ku nawa ne.

Ki kuma duba wuri. Lamorde a hayin kogi yake, ɓangaren Harobanda, inda Jami'ar Abdu Mumuni take. Bukoki kuwa a wancan gefen. Duk wanda ya taɓa ƙetare gadar Kennedy da safe lokacin da ɗalibai da ma'aikata da masu babura suka haɗu ya san abin da nake nufi. Masauki a Harobanda ko da ya fi da jika ɗaya ko biyu, kuɗin taksi zai maido shi, kuma Inna ba za ta makara ga layi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka cikin makon nan za ki kira, da rana, tsakanin hantsi da azahar lokacin da shugaban wurin ke nan. Kada ki fara da tambayar farashi. Ki fara da mutane: "Mu mata biyu ne, ɗaya dattijuwa da za a yi wa aikin ido, da jinjiri. Muna son ɗaki mai gado biyu a ƙasa, ba hawa bene, kwana uku daga ranar kaza. Mijina zai riƙa zuwa da rana amma ba zai kwana ba." Wannan jimlar ta ƙarshe kada ki bar ta, don wasu gidajen ba su barin mai ziyara ya wuce falon karɓar baƙi, gara ki ji tun yanzu. Sai ki tambayi kuɗin gaba ɗaya, da komai a ciki. Ki tambayi ƙarfe nawa ake sakin ɗaki, galibi 12 na rana ne, wanda ya wuce ana iya ƙirga masa wani kwana. Ki tambaya in asibiti ta ɗaga randebu, kuɗin da kika aika ya zama yaya. Duk abin da aka amsa, ki ce a rubuto miki ta WhatsApp da yawan mutanen a ciki, sannan ki aika kuɗi, ki ajiye rasit. Ranar tafiya in kun wuce Dosso ki sake kira ki ce kuna hanya, musamman in mota ta yi latti, don ɗakin da aka ga mai shi bai zo ba har dare akan ba wani.

Takardu: katin ɗan ƙasa na kowane babba, da ma jandarmomi na tambayarsa a hanya. Na Inna ki riƙe shi a jakarki tare da takardun asibiti. Ranar da za ku sauka wani wuri ke da maigida ɗaki ɗaya, akwai gidajen da kan tambayi shaidar aure, kuma da yawanmu aurenmu a ƙofar gida aka ɗaura shi da goro da fatiha, ba wanda ya taka ma'aikatar magajin gari. In ba ku da ita ku nema a natse, amfaninta ya wuce otel.

Jika 25 ɗinku kuma, kada ki sa rai da yawa, amma kada ki yafe tun ba ki tambaya ba. Suna da hujja, sun riƙe muku ɗaki har dare ba su ba kowa ba. Ke ma kina da taki: wanda ya ɗauki wayarki bai tambaye ki ku nawa ba ne, kuma wannan ita ce tambaya ta farko da ake koya wa duk mai wannan aiki. Ki kira shugaban, ba yaron ba, ki faɗi haka cikin sanyin murya, ki ba shi lambar rasit. Fitar da kuɗi daga akwati na yi musu wuya, amma in kika ce a mayar da shi kuɗin kwanan farko na wannan zuwan, sau da yawa sukan yarda. Ko za ki iya sake taka ƙofar gidan bayan abin da ya faru, wannan zuciyarki ce za ta faɗa. Ni dai jika 25 ba ta yi mini kaɗan ba.

Sai maigida. An bar jaki ana dukan taiki. Ba ke kika kunyata shi ba. Abin da ke cinsa shi ne mahaifiyarsa ta zauna bisa jaka cikin dare a garin mutane, shi yana tsaye, yaro sa'an ƙaninsa ya ce masa a'a, kuma aljihunsa bai kai ya ce kawo makulli uku ba. Namiji ba ya iya faɗin wannan, sai ya nemi na kusa ya ɗora masa. Ba ina cewa ya yi daidai ba. Amma in kika ce masa "ai kai ka ce mu tafi gaba ɗaya", gaskiya kika faɗa, kuma za ku ƙara wata guda kuna gaisuwa sama-sama. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta, ki ɗauki naki kason kaɗai, ba ƙari: "Ban faɗa musu yawanmu ba, ban san haka ake yi ba, yanzu na sani." Ki tsaya nan. Kada ki ɗauki lalacewar mota, kada ki ɗauki rashin kunyar yaron, kada ki ɗauki ɗaga muryar da shi ya yi. Sai ki ajiye masa lissafin nan uku a takarda, 225 da 150 da 75, ki ce wanne ya gani. Zai zaɓa, kuma zaɓin zai zama nasa.

Fuskar facalarki kuma, ina jin ba ki karanta ta daidai ba. Mace an tashe ta tsakar dare, mutum 7 a ƙofa, ba ta share ɗaki ba, ba ta da sauran tuwo, ga uwar mijinta a ciki. Ko ke ce sai fuskarki ta canza. Bayan wannan akwai wani abu. Inna uwar wan maigidanki ce kamar yadda take uwar maigidanki. An kawo mahaifiyarsa garin da yake zaune, an wuce gidansa an nufi otel, sai da otel ya ƙi sannan aka tuna da shi. Ki sa kanki a wurinsa. Mai yiwuwa maganar da aka yi a ɗakinsu bayan kun kwanta ba ta yawanku ba ce, ta wannan ce. Don haka tun yanzu maigida ya kira wansa ya gaya masa ranar, ya gaya masa dalilin da ya sa Inna za ta sauka kusa da asibiti, ya ce shi kuma wurinsa zai kwana. In wan ya ce atafau mahaifiyarsa ba za ta kwana otel ba yana gari, kuma yana da ɗakin da zai ware mata ita da ke, to ku karɓa, ku mayar da kuɗin otel ɗin cefane da taksi. Ke kuma ki kira facalarki da kanki, ba saƙon murya ba, ki yi mata ban gajiyar wancan dare. In za ku taho ki riƙo mata cuku mai kyau da ɗan buhun albasa, ki ba ta a hannu.

Tabarmin nan kuma kada ki bar su a Tawa. Ranar aiki tun sassafe za ku isa Lamorde, jira kuma na iya kaiwa azahar. Ki taho da biyu, da buta, da abin ruwan sanyi, ki nemi inuwa tun kafin masu jinya su cika wurin.